Kun Tambaya, Mun Amsa: Ziyarar Dandalin Registan a Samarkand

Tambaya daga wani malami a Zariya: Ina da niyyar ziyartar kabarin Imamu Bukhari a Uzbekistan. An ce kada in dawo ban ga dandalin Registan ba. Me ke wurin, kuma lokaci nawa zan ware masa?

Allah ya gafarta malam, wanda ya ba ka shawarar bai cuce ka ba. Kabarin Imamu Bukhari yana wajen garin Samarkand ne da kimanin kilomita 25, shi kuwa dandalin a tsakiyar gari yake, don haka masauki ɗaya zai ishe ka.

Fili ne da manyan makarantu uku suka kewaye. Idan ka tsaya daga kudu, ta hagunka ita ce ta Ulug Beg, sarkin da ya shahara da ilimin taurari, jikan sarki Timur. An gina ta daga 1417 zuwa 1420. Ta dama ita ce Sher-Dor (1619 zuwa 1636), ta tsakiya kuma Tilya-Kori (1646 zuwa 1660). Biyun nan na baya hakimin garin, Yalangtush Bahadur, ya sa aka gina su.

Ka ware awa 3, amma ka raba su. Makarantar Ulug Beg gabas take kallo, saboda haka da hantsi adonta ke fitowa. Sher-Dor yamma take kallo, sai bayan la'asar za ka ga zanen da ke saman ƙofarta sosai: dabba mai kama da damisa tana bin barewa, rana mai fuskar mutum tana leƙowa daga bayanta. Abu ne da ba kasafai ake gani a ginin makarantar addini ba. Wanda ya je da rana tsaka, ƙyallin rana zai kashe masa launin, ga zafi.

Kada ka tsaya kallo daga nesa kawai. Matsa kusa da bango, za ka ga abin da ka ɗauka zane ne kawai ashe rubutu ne: an jera tubala masu sheƙi, shuɗi da tsanwa, sun ba da sunan Allah da na Manzo (SAW) cikin rubutun Kufi mai kusurwa. A masallacin cikin Tilya-Kori kuma ka ɗaga kai. Rufin da aka shafe da ruwan zinariya kusan a shimfiɗe yake, gwanintar masu zane ce ta sa ido ke ganinsa kamar ƙubba mai zurfi, don sun yi ta ƙanƙanta ganyayyakin zanen har zuwa tsakiya.

Batun salla, ka nemi masallacin unguwa, don ginin yanzu wurin tarihi ne, ɗakunan ɗalibai ma sun koma shaguna. Mutanen ƙasar mazhabar Hanafiyya suke bi, la'asar ɗinsu tana jinkiri fiye da yadda ka saba a gida.

Tambaya daga wata Hajiya a Maraɗi: Wane wata ya fi dacewa, kuma yaya ake zuwa daga Tashkent, babban birnin ƙasar?

Hajiya, ki nufi Afrilu da Mayu, ko Satumba da Oktoba. A Yuli zafi kan kai maki 40, hunturunsu kuwa har ƙanƙara yake zubarwa. Ƙarshen Agusta ma ki bincika, domin tun 1997 ake yin wani babban bikin kiɗa a dandalin, yawanci duk shekara biyu, kuma shirye-shiryensa kan sa a rufe wurin.

Jirgin ƙasa mai gudu, Afrosiyob, yana kai mutum cikin awa 2 da 'yan mintuna. Inda ake samun matsala shi ne tikiti: kujerun kan ƙare da wuri a lokacin baƙi, don haka ki saya ta intanet tun kina gida. A cikin gari ki kira tasi ta manhajar Yandex Go, ta raba ki da cinikin fatar baki. Ki riƙe kuɗin ƙasar, som, a hannu, sannan ki adana 'yar takardar rajista da otal zai ba ki, ana iya neman ta ranar fita.

Tambaya daga wani matashi a Kumasi: Ana hawa hasumiyoyin makarantun?

Akan bari a hau ta Ulug Beg idan an biya kuɗi daban, amma ka biya a inda za a ba ka rasit. Matakalar matsattsiya ce, tana murɗewa cikin duhu, kuma takunta dogo ne, sannan a can ƙoli mutum ɗaya kawai ke iya zuro kai. Mai ciwon gwiwa ko babbar riga ya haƙura. In ka ga kamar hasumiyoyin biyu na gaban makarantar Ulug Beg sun ɗan karkace, ba idonka ba ne: sun taɓa jirkicewa sosai, sai da injiniyoyin zamanin Tarayyar Sobiyet suka miƙar da ɗaya a 1932, ɗayar kuma a 1965.