Ku Tambayi Likitan Haƙori: Dashen Haƙori

Tambaya: Likita, watanni huɗu ke nan da aka cire mini haƙorin tauna na ƙasa. An ba ni shawarar dashe. Yaya ake yin sa, kuma zan iya jinkirtawa zuwa shekara biyu ko uku? Daga wani magidanci.

Amsa: Malam, bari mu fara da jinkirin, domin nan ne mutane suka fi yin asara. Ƙashin muƙamuƙi yana riƙe kaurinsa ne saboda saiwar da ke cikinsa. Da zarar an cire haƙori sai ƙashin wurin ya fara zaizayewa, har yakan rasa kusan rabin faɗinsa cikin shekarar farko, kuma mafi yawan asarar a watanni ukun farko take faruwa. Haƙoran da ke gefe su karkato cikin giɓin, na sama ya zazzago tunda babu abin da ke tare shi. Wanda ya jira shekara uku sau da yawa sai an yi masa ƙarin ƙashi tukuna, aiki ɗaya ya koma biyu.

Dashen kansa kashi uku ne. Akwai noti na ƙarfen titaniyom da ke maye gurbin saiwa, kaurinsa yawanci milimita 3 zuwa 5, tsawonsa 8 zuwa 13. Akwai mahaɗi da ake ɗaurawa a kansa ya leƙo ta dasashi. Sai hular haƙori, wato abin da ido ke gani. Likitan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya lura cewa ƙashi mai rai yana manne wa titaniyom gam, kuma a 1965 ya yi wa mutum na farko irin wannan dashe.

Kafin a taɓa ka za a ɗauki hoton ƙashi a auna tsayi da faɗi. A muƙamuƙin ƙasa akwai jijiyar da ke ba leɓe da haɓa ji, ana barin tazarar milimita 2 tsakaninta da notin. Ranar aiki allurar kashe zafi ake yi a wurin, kana farke. A tsaga dasashi, a huda ƙashi da siririn mahudi, a riƙa canza mai kauri har ramin ya yi daidai, ana kwarara ruwan gishiri mai sanyi ba tsayawa. Ruwan nan ba ado ba ne: idan zafin ƙashi ya haura digiri 47 na minti ɗaya, ƙwayoyinsa suna mutuwa, notin ba zai kama ba. Sai a murɗa shi a ɗinke. Kumburi yakan fi tsanani a kwana na biyu ko na uku, a cire ɗinki bayan kwana 7 zuwa 10. Daga nan sai haƙuri: kimanin wata uku a ƙasa, huɗu zuwa shida a sama inda ƙashi ya fi taushi, kafin a gwada a ɗora hula. Idan leɓenka bai dawo da ji ba washegarin aiki, koma wurin likita a ranar, kada ka ce bari ka gani.

Tambaya: Ina da ciwon suga, shekarata 61. An ce ba a yi wa irina. Gaskiya ne? Daga wata uwa.

Amsa: Hajiya, shekaru ba sa hana dashe, ciwon suga ma ba ya hanawa muddin an shawo kansa. Za a nemi gwajin HbA1c, mai nuna yadda suganki ya kasance cikin wata uku; kusa da 7 ake so. Abin da ya fi damun mu shi ne magungunan ƙarfafa ƙashi irin su alendronate, musamman waɗanda ake yi ta allura, don suna iya hana ƙashin muƙamuƙi warkewa. Ki tafi da duk kwalayen magungunanki likita ya gani da idonsa. Waɗanda ake dakatarwa saboda shekaru su ne yara, har sai muƙamuƙi ya gama girma, wajen shekara 18 ko sama.

Tambaya: Shekara biyar da yi mini dashe. Yanzu yana jini idan na goge, ga wari, amma babu ciwo. Tunda ƙarfe ne ba ya ruɓewa, akwai damuwa? Daga wani mai karatu.

Amsa: Akwai, Malam, kuma rashin ciwon ne ke ruɗin mutane. Ƙarfe ba ya ruɓewa, amma dasashi da ƙashin da ke riƙe da shi suna kamuwa. Dauɗa ce ke taruwa a wuyan dashen, dasashi ya yi ja ya fara jini. A wannan mataki wankin asibiti da gyara yadda kake gogewa sun isa. In aka bari, ƙwayoyin cuta su gangara su riƙa cin ƙashi zagaye da notin, mugunya ta fito idan an danna. Haƙorin asali yana da zaruruwan da ke ɗaure shi da ƙashi, su ne ke sa ka ji matsi; dashe ba shi da su, shi ya sa ɓarnar ke tafiya shiru, kuma ta fi sauri. Ranar da notin ya fara motsi, babu abin yi sai cirewa.

Wani lokaci laifin ba na gogewa ba ne. Ragowar simintin da aka manna hula da shi yakan maƙale ƙarƙashin dasashi ya jawo irin wannan kumburi. Haka nan ƙaramin notin mahaɗi yakan kwance, hula ta riƙa rawa alhali dashen na nan lafiya. Wannan ɗaurewa kawai yake so. Hoto da gwaji ne za su bambance, don haka ka je cikin makon nan.

Fiye da dashe 9 cikin 10 suna kaiwa shekara goma suna aiki. Waɗanda ke faɗuwa sun fi yawa a bakin masu shan sigari, da masu tsohon ciwon dasashi da ba a yi magani ba, da masu cizon haƙora cikin barci, waɗanda ya kamata a yi musu robar sakawa da dare. Ka goge sau biyu a rana da buroshi mai laushi, ka nemi ɗan siririn buroshin nan na tsakanin haƙora wanda aka lulluɓe wayarsa da roba don kada ta karce ƙarfen, ka riƙa zura shi ta gefe biyu na dashen kowane dare. Duk wata shida a duba ka.