Kan tambayar ƙanenmu a ƙarshen kakar 2024/25: a kori kocin Manchester United Amorim ne ko a sallami ƴan wasa?

Ƙanena, na ga tambayarka tun jiya da dare, amma hayaniyar da ta biyo baya ta sa na ja bakina har ƙura ta lafa. Ka ce Manchester United ta gama kakar Firimiya ta 2024/25 tana ta 15 da maki 42, ta kuma rasa kofin Europa a hannun Tottenham, to wa ya kamata a fara sallama, koci ko ƴan wasa? Wasu sun ce Amorim, wasu sun ce Onana da Hojlund, ƴan Arsenal da ke cikinmu kuwa sun ce a bar kowa a inda yake don su haka ta yi musu daɗi. Allah ya shirye su.

Ni tun zamanin Cantona nake bin wannan kulob, tun muna sauraren sakamako a rediyo kafin gidajen kallo su cika Damagaram. Amsata ita ce ba a nan gizo ke saƙar ba. Koci yana da nasa laifin, ƴan wasa suna da nasu, amma ciwon yana wurin masu sayen ƴan wasa da masu ɗaukar koci, kuma su ba a ganin su a fili, shi ya sa zagin da muke yi a fada ba ya isa gare su.

Mu ƙirga tare. Koci Ferguson ya ajiye aiki a 2013 da kofin Firimiya 13 a hannunsa. Bayansa an kawo Moyes, an kawo Van Gaal, an kawo Mourinho, sai Solskjaer, sai Rangnick na riƙon ƙwarya, sai Ten Hag, sai Amorim a 2024. Duba mutanen nan da kyau. Van Gaal mai son a riƙe ƙwallo ne ana zagayawa da ita har ɗan kallo ya yi gyangyaɗi. Mourinho mai son a rufe gida ne a jira kuskuren abokin karawa. Solskjaer gudu yake so da kai farmakin ba-zata. Ten Hag ya zo da karatun Ajax. Amorim ya zo da masu tsaron baya uku. Babu biyu a cikinsu da suke kallon ƙwallo da ido ɗaya, kuma kowane ya zo sai a buɗe masa asusu ya sayi nasa mutanen, bayan shekara biyu a kore shi, mutanen su tsaya da kwangilar shekara biyar da albashin da babu kulob ɗin da zai iya ɗauka. Riga ce guda aka bai wa teloli bakwai, wannan ya yanka wuyan babbar riga, na biyu ya ɗora hannun kaftani, na uku ya ce shi jallabiya ya iya. Ranar sallah ka sa ta ta ƙi zama, sai ka kama telan ƙarshe da faɗa.

Abin da aka yi a 2024 kaɗai ya ishe mu misali. A watan Mayun 2024 Ten Hag ya ci kofin FA a kan Manchester City, 2-1, bayan ya gama gasar Firimiya a na takwas. Shugabanni suka yi ta kai-kawo, suka zauna da wasu kociyoyin, daga ƙarshe suka ce ya zauna, har suka ƙara masa shekara guda. Suka saya masa Yoro, Zirkzee, De Ligt, Mazraoui da Ugarte, kuɗin ya kai wajen fam miliyan 200. Ranar 28 ga Oktoba, bayan West Ham ta ci su 2-1, suka kore shi. Wato ƴan watanni kacal tsakanin "mun amince da kai" da "tattara kayanka". Dan Ashworth da suka yi ta jan igiya da Newcastle kafin su samo shi ya zama daraktan wasanni, wata biyar ya yi shi ma aka raba gari. Sallamar waɗannan biyun da muƙarraban Ten Hag ta ci sama da fam miliyan 14. A daidai lokacin ne kuma ake rage ma'aikata, mutum 250 a zagayen farko, ana ƙara wa ƴan kallo kuɗin tikiti, wai ana tsimi. Ka gaya mini, wane ɗan wasa ne ya yi wannan? Onana ne ya sa hannu a takardar?

Kuma tushen ya girmi Ratcliffe, wanda sai a Fabrairun 2024 ya sayi kashi ɗaya cikin huɗu da ɗoriya na kulob ɗin aka miƙa masa harkar ƙwallo. Iyalan Glazer na Amurka sun sayi United a 2005 da kuɗin bashi, suka ɗora bashin a wuyan kulob ɗin kansa. Kulob da ba a bin shi komai ya wayi gari yana biyan ruwan bashin da aka ci don a saye shi. Zuwa 2025 shekara ashirin ke nan ana wannan. Rufin filinmu Old Trafford har yoyo yake idan an yi ruwa mai ƙarfi, duk mun ga hoton a waya. Muddin Ferguson yana nan ɓarnar a rufe take, domin shi kaɗai yake aikin mutum biyar, shi ne koci, shi ne mai ido a kasuwa, shi ne mai ladabtarwa. Da ya tafi sai aka ga ashe babu kowa a bayansa.

Yanzu ga masu cewa ƴan wasan ne ba su iya ba. Ina so su amsa mini wannan. McTominay, yaron gida, an sayar da shi ga Napoli a Agustan 2024 a kan wajen fam miliyan 25, ana cewa ba shi da gwanintar da ta kai ta United. Ya je Italiya ya ci Siriya A, aka kuma zaɓe shi gwarzon gasar gaba ɗaya. Antony da muka mai da abin dariya, wanda aka saya daga Ajax a kan Yuro miliyan 95, wato sama da miliyar 62 na sefa, an ba da shi aro ga Real Betis a Janairun 2025, nan take ya koma cin ƙwallo, ya kai su wasan ƙarshe na kofin Conference. Wa ya tarar a can? Sancho, shi ma ɗan United da yake zaman aro a Chelsea a lokacin, ya ci ƙwallo ya ɗaga kofin. Tsohon golanmu Dean Henderson ya tare fenariti a wasan ƙarshe na FA, Crystal Palace ta ɗau babban kofinta na farko. Elanga kuwa, shi ma tsohon ɗan wasanmu, a farkon Afrilun 2025 ya ɗauko ƙwallo tun daga ɓangarensu ya gudo da ita ya zura mana, Nottingham Forest ta ci 1-0. Idan mutum ɗaya ne sai mu ce sa'a ce. Amma duk wanda ya fita sai ya warke, duk wanda ya shigo sai ya kwanta, to ba jikin mutanen za a duba ba, gidan za a duba.

Ba wai ina wanke su tas ba ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƙwallo 44 kacal United ta ci a wasa 38, aka zura mata 54. Hojlund, lamba tara, ƙwallo 4 ya ci a Firimiya. Sai dai ka tuna yaro ne ɗan shekara 20 aka sayo daga Atalanta a 2023 a kan sama da fam miliyan 60, ba tare da wani babba a gabansa da zai koya a wurinsa ba, aka ce shi zai ɗauki kulob ɗin. Na sha zuba masa ido shi kaɗai, in bar ƙwallon. Yakan yi gudu ya buɗe, ya ɗaga hannu, ba a ba shi ba, ya dawo, ya sake, har ya gaji ya koma kokawa da mai tsaron baya da bayansa a raga. Wannan ba ɗan wasan banza ba ne, ɗan wasa ne da aka ɗora wa kayan da ya fi ƙarfinsa. Onana kuwa, ɗan'uwanmu na Kamaru, ba na jin daɗin yadda ake masa a nan, amma gaskiya ɗaya ce, ya ba da ƙwallayen da gola na wannan matsayi bai kamata ya bayar ba. An kawo shi ne don iya wasa da ƙafa, saboda tsarin Ten Hag, ga shi mai tsarin ya tafi. Wanda ba na yarda a taɓa shi ne kyaftin Bruno Fernandes. Masu cewa yana yawan ƙorafi ga alƙalin wasa su cire shi daga kakar 2024/25 su ga inda za mu tsaya.

Wanda yake gidan kallon unguwarmu daren da muka kara da Lyon a kofin Europa zai gane abin da nake nufi da cewa yaran nan ba matattu ba ne. Zafin Afrilu, an ɗauke wuta, janareto yana ta kuka, fanka ɗaya tana juya iska mai zafi a kan mutane. Muna 2-0 aka farke, Lyon da mutum goma ta ƙara biyu a ƙarin lokaci, 4-2. Rabin benci ya watse, mai shayin bakin ƙofa har ya fara kife kofuna, wani ɗan kabu-kabu ya tayar da babur yana rantsuwa ya bar United har abada. Bruno ya ci fenariti, ba wanda ya motsa. Mainoo ya farke a minti na 120, sai ga mutane suna dawowa da gudu, wani da takalmi ƙafa ɗaya. Kafin su zauna Maguire, mai tsaron bayan da aka tura gaba don an rasa yadda za a yi, ya sa kai, 5-4. Ɗan kabu-kabun nan a ƙasa ya bar babur ɗinsa yana aiki. To amma ka lura da yadda aka ci wasan: an watsar da tsari, an jefa dogo gaba, an yi ta cilla ƙwallo sama. Zuciya ce ta ci, ba karatun koci ba. Shi ya sa da aka je wasan ƙarshe a Bilbao ranar 21 ga Mayun 2025, Tottenham ta samu ƙwallo ɗaya ta hannun Brennan Johnson ta koma ta rufe gida, muka yi ta zagaye har aka tashi. Karo na huɗu ke nan da suka doke mu a kaka ɗaya, su da suka gama a na 17.

Sai Amorim. Alƙalumansa ba su da kyau, babu amfanin ɓoyewa: wasa 27 a Firimiya a kakar 2024/25, ya ci 7, ya sha kashi 14. Abin da nake riƙe da shi a kansa taurin kai ne. Ya tarar da ƴan wasan da aka tara don tsarin masu tsaron baya huɗu, ya ce sai uku, alhali tsarin nasa ya dogara ne kacokan a kan ƴan gefe biyu masu hawa da sauka minti casa'in, kuma ba shi da su. Sai ya ɗauki Dalot ya kai hagu, ya ja Amad baya, yaron da ya ci mana City a Disamba ya kuma zura wa Southampton uku shi kaɗai. Dorgu aka saya masa daga Lecce a tsakiyar kaka. Koci mai dabara da ya lallaɓa da abin da ya samu har damina ta zo a yi kasuwa. Kuma bakinsa ya yi yawa, ba a fitowa gaban ƴan jarida a ce wataƙila wannan ce United mafi muni a tarihi, ko da gaskiya ce, gobe da safe da su za ka yi atisaye.

Amma a faɗi ɗaya a faɗi biyu. Mutumin nan ya ci gasar Fotugal sau biyu da Sporting, ta farkon bayan sun yi shekara 19 suna jira, kuma kwanaki kaɗan kafin ya taso ya lallasa City 4-1 a gasar Zakarun Turai. Shi da bakinsa ya ce ya so a bar shi sai ƙarshen kaka, aka ce masa ko yanzu ko a fasa. Waɗanda suka ɗauke shi sun san da uku yake wasa, bai ɓoye ba. Su ne suka kashe fam miliyan 200 a kan wani tsari a Agusta, suka ɗauko mai wani tsarin daban a Nuwamba. In aka kore shi a ƙarshen kakar 2024/25, za a biya shi, a biya muƙarrabansa, a kawo wani koci mai wasa da masu tsaron baya huɗu ya tarar da Dorgu da duk wanda za a saya a wannan kasuwar, mu dawo nan baɗi kai ko wani ya sake yin wannan tambayar.

Don haka ni ra'ayina a ƙarshen kakar 2024/25 shi ne a bar shi ya yi shirin kaka tun daga farko, ga shi babu wasannin Turai a kakar 2025/26, mako guda cur yake da shi tsakanin wasa da wasa, hujjar rashin lokacin atisaye ta ƙare. In Disamba ta yi muna ƙasa da na goma, ni zan fara cewa ya tafi. Rashford da Sancho da Antony a sayar, ba don ba su iya ba, don zaman ya riga ya lalace kuma albashin biyun farko ya ishi a riƙe mutum huɗu. A samo lamba tara wanda ya riga ya saba cin ƙwallo a Ingila, ba wani yaron da za a zo a reno ba, a samo ɗan tsakiya mai ƙafar gudu tunda Casemiro shekaru sun ja, sannan a kawo golan da zai sa Onana ya san benci na nan. Mainoo da Amad da Yoro kuwa ko nawa aka taya kada a saurara.

Shi kuma ɗan Liverpool da ya cika mana waya da lamba 20 tun Afrilun 2025, wato yawan kofunan gasar Ingila da suka ci, mun gani, kun kamo mu, ba ku wuce mu ba tukuna.