Coaster ɗina ba ta da tobo, zata iya hawan Mambila?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni dai ina da Toyota Coaster tsohuwa mai shan gas, injin 1HZ ne kuma babu tobo, bara munka cire kujerun baya munka sa gado biyu da 'yar kwaba da wurin girki da tankin ruwa lita 200 da batiran sola, don in riƙa tahiya da iyali ba sai mun kama otal ba. To yanzu yara sun matsa lallai sai mun je Gembu in an yi hutun ƙarshen shekara, amma direbobi a tasha suna ta ba ni tsoro wai mota marar tobo ba ta hawan dutsen Mambila, bakanikena kuma ya ce in kawo kuɗi ya ɗaura mani tobo na gwanjo. Mi kake gani, in ɗaura ko in haƙura da tahiyar? Daga mai karatunku a Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Motarka zata hau in sha Allah, a hankali dai, tana hayaƙi, ƙananan motoci suna wuce ka suna maka oda. Kada ka ɗaura tobon nan, kuɗin ka kai su wajen birki da lagireto, zan faɗi dalili.

Abin da direbobin tasha suka faɗa akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Injin da ba shi da tobo, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska, iskar da ya samu a waje ita yake shaƙa, babu mai tura masa, kuma duk yadda ka ƙara sama iska tana ƙara sirancewa. Lissafin da aka saba yi shi ne duk mita 300 da ka hau inji yana rasa kamar kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa. Sakkwato ba ta wuce mita 300 daga matakin teku ba, shi ya sa ba ka taɓa jin komai ba tsakanin nan da Birnin Kebbi ko Illela. Jos tana wajen mita 1,200, saman Mambila kuwa wajen 1,500 zuwa 1,600 ne, wasu wuraren sun fi haka. Kenan 1HZ ɗinka, silinda 6 lita 4.2, da kamfani ya ce yana ba da doki kusan 130, can sama abin da zai rage maka bai fi 110 ba, shi ma in injin na da lafiya, sannan ga gado ga kwaba ga ruwa ga mutane. Zaka ji ta yi nauyi, ka taka totur har ƙasa ta ƙi ƙara gudu sai baƙin hayaƙi a salansa.

Hayaƙin nan shi nake so ka sa wa ido a madubi. Man da ya shiga ne bai samu iskar da zata ƙone shi ba, kuma shi ke gasa kan inji da fistin, don haka in ka gan shi kada ka ƙara takawa, ɗaga ƙafa kaɗan ka sauko da giya, daga lamba uku zuwa biyu, in ta kama har lamba ɗaya babu kunya a ciki. Injin ya riƙa juyawa da rai, fanka na ja, ruwa na zagayawa, ya fi ka bar shi a babbar giya yana nishi yana karkarwa. Kuma ka canja giyar tun kafin motar ta mutu a hawan, don mota mai nauyi in ka taka kuloci a tsakiyar kwana mai tsayi kafin ka saki har ta fara tunanin komawa baya. Ka tafi da weji na katako guda biyu, babban yaronka ya san inda suke.

Maganar tobo na gwanjo, 1HZ ba a ƙera shi don tobo ba, fistin ɗinsa da kan injin ba irin na mai tobo ba ne. Ana ɗaurawa, amma masu yi da kyau suna sake saita famfon mai, su sa agogon auna zafin salansa, su riƙe matsin iskar ƙasa ƙasa. In aka ɗaura kawai aka buɗe mai, zaka ji daɗinta a titin Gusau, ranar da ka kama doguwar hawa kuma ta tsage maka fistin a dajin da ba ka san kowa ba. Ni ban ga dalilin da mutum zai taɓa injin da ya shahara da juriya saboda tafiya ɗaya a shekara ba.

Zafi kuma, mu nan Sakkwato mun san zafi amma na tafiya a shimfiɗe ne, iska na bugun lagireto. A hawa kana tafiya kilomita 15 ko 20 a awa, inji na aiki iya ƙarfinsa, iskar gaba babu. A wanke lagireto ciki da waje, a duba fanbel da famfon ruwa da tiyo, a sa sabon murfi tunda a can sama ruwa wajen digiri 95 yake tafasa, murfin ne ke riƙe shi. In bakanikenka ya cire tamostat kamar yadda ake yi a garejinmu da sunan maganin zafi, a mayar. Kashe AC kafin hawa. In allura ta fara tashi ka samu fili ka tsaya, bar injin yana silo ya huce da kansa, kada ka kashe nan take kuma don Allah kada kowa ya buɗe murfin lagireto da zafi. Iyakilina ma, wato matatar iskar inji, ka sa sabuwa ka riƙe wata, lokacin hunturu zaka tafi, ƙurar hanya kaɗai ta isa ta toshe 'yar iskar da ta rage masa.

Abin da ya fi damuna ma ba hawan ba ne, saukowar ce, kuma ita ce ba wanda ya yi maka maganarta a tasha. Injin gas ba ya riƙe mota a gangara kamar na fetur. In ka ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa, birkin zai yi zafi, ka fara jin ƙauri, daga nan ka taka ka ji fedar ta tafi luƙus, man birkin ya tafasa musamman in ya shekara biyu uku ba a canja ba ya sha ruwa. Giyar da ka hau da ita da ita zaka sauko, ko ƙasa da ita, kuma ka sa ta tun kana saman. Taka birki da ƙarfi gudun ya ragu, saki ya sha iska, sake takawa. Yawancin Coaster masu gas suna da birkin salansa, ɗan sandan nan na gefen sitiyari, a motoci da yawa ya mutu tuntuni ba wanda ya kula don a nan ba a bukatarsa, to a gyara maka shi kafin komai. Sa mota a firi don tattalin mai kuwa, wannan ko a mafarki. Duk direban da ya san Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga zai ba ka labari.

Tankin ruwanka in ya cika kilo 200 ne, buhu huɗu na siminti kenan kake ɗauke da su. Bar kwata a ciki kafin hawa, ruwa ba ya wahala a Mambila. Kaya masu nauyi a ƙasa tsakanin tayoyi, kada a jibga su a kan rufi, tukunyar gas ɗin girki a ɗaure a kashe.

Hanya kuma, in ka bi Gusau, Funtuwa, Zariya, Saminaka ka shiga Jos, ka samu gwaji kyauta, yadda ta yi a nan zai nuna maka sauran. Daga nan Bauchi, Gombe, Numan, Jalingo, Bali, Serti, hawan gaske yana bayan Serti wajen Mayo Selbe, sai Maisamari, Nguroje, Gembu. Kwana uku ko huɗu zaka ware a zuwa, rana kawai, ka san halin da hanyar Zamfara take ciki, ka tambayi 'yan tasha kowace safiya kafin ka tashi. Cika tanki a Jalingo, kwana a Serti, kama dutsen da safe bayan hazo ya ɗaga. Disamba lokaci ne mai kyau don damina ta ɗauke, sai dai a ɗauko wa yara rigunan sanyi da barguna, a kuma duba hitar tayar da inji da batir don injin gas ba ya son tashi da asuba a can. Gembu dai ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna, sunan Gamji ɗan ƙwarai aka sa mata, kaga Basakkwace ba zai ji baƙunta sosai ba. Takardun mota su zama daidai tunda ka canja mata fasali, ka leƙa ofishin VIO su gani tun kana gida, shingaye suna da yawa a hanya.