Ku Tambayi Baba Akawu: Mahaifinmu tsohon soja ne, ɗana kuma ya ce kaki zai sa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba. Mahaifinmu ya yi shekara 22 a aikin soja, ya je Laberiya ya je Saliyo, ya ajiye aiki yana saje. Yanzu ga hawan jini ga ciwon ƙafa, kuma in aka buga ƙofa da ƙarfi cikin dare sai ya zabura yana laluben abin da babu. Fansho na shigowa, amma ba ya kai mu tsakiyar wata. Akwai wasu kuɗi da aka ce za a biya su, mun yi ta zarya a wani ofis, kullum sai "ku dawo". Ga shi babban ɗana ya gama sakandare ya ce shi soja zai shiga, kakansa ya ce sai dai bayan ransa. Shin haka ake yi wa tsofaffin sojoji ko'ina, ko mu ne kawai? Kuma in bar yaron?

Maman Abba, daga Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba Saje lafiya, ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi da shi.

Wasiƙarki ta tuna mini da kakana na wajen uwa. Yana cikin waɗanda Turawan Ingila suka kwasa zuwa yaƙin Bama, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka gwabza da Japanawa cikin daji da ruwan sama. Na tashi na tarar da shi yana gadin wani kanti a Kano, da wata akwatin kwano a ƙarƙashin gado wadda ya adana lambobinsa na yaƙi. Ranar sallah yakan fito da su ya goge da toka da lemon tsami, mu yara mu yi ta kallo. Ban taɓa jin ya ce lambobin nan sun saya masa ko mudun gero ba. Sai da na girma na san cewa kuɗin sallamar da aka ba baƙin sojoji bayan 1945 bai kai rabin na farare masu muƙami ɗaya da su ba, alhali harsashi bai tambayi kowa launin fatarsa ba.

Don haka ba ku kaɗai ba ne, kuma ba yau aka fara ba. Ranar 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin sojojin Gana suka yi jerin gwano a Akara za su kai wa gwamna takardar koke kan haƙƙoƙinsu, aka buɗe musu wuta, uku suka faɗi: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya tana cikin abin da ya gaggauta 'yancin ƙasar a 1957. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa da Faransa suka sha nasu. A 1959 ta yi dokar da ta daskarar da fanshon sojojin da ta ɗiba daga ƙasashen da ta mallaka, nasu ya tsaya cak, na Faransawa yana ta hawa. Ba a daidaita su gaba ɗaya ba sai 2011, lokacin da yawancin masu haƙƙin sun riga mu gidan gaskiya.

Amurka ake yawan kawowa misali, kuma gaskiya sun yi nisa: ma'aikata guda suka ware wa tsofaffin sojoji, da asibitocinta, kuma tun 1944 suke da dokar biya musu kuɗin karatu da lamunin gida. Duk da haka akwai tsofaffin sojojinsu da ke kwana a titi. A 2014 ma ministan ma'aikatar ya yi murabus bayan an gano wasu asibitoci suna ɓoye tsawon layin marasa lafiya. Kin ji bambancin: can in abu ya lalace, wani yakan rasa kujerarsa.

To mu dawo gida. In a takarda ne, sojan Najeriya bai yi asara ba. Lokacin da aka kawo tsarin fansho na karo-karo a 2004 an sa sojoji a ciki, amma a 2011 aka fitar da su, gwamnati ta koma biyansu kai tsaye ta Hukumar Fanshon Sojoji da ke Abuja. Tsofaffin 'yan sanda sun sha yin zanga-zanga suna neman a yi musu irin wannan. Sashe na 173 na tsarin mulkin 1999 ya ce a riƙa sake duba fansho duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka ƙara albashin ma'aikata. Akwai inshorar lafiya, akwai cibiyar Oshodi a Legas da ake koya wa sojoji sana'a kafin su ajiye aiki.

Matsalar ita ce abin da ke takarda ba ya taka ƙafa ya zo gidan mutum, sai tsoho ya bi shi da sanda. A Janairun 2022 tsofaffin sojoji suka tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja kan ariyas ɗinsu. A ƙarshen 2024 da farkon 2025 suka sake komawa, wasu da tabarminsu. Mutumin da aka horar da shi ya ce "yes sa" ko da an tura shi cikin wuta, in kika gan shi ya kwana a bakin ma'aikata, tura ta kai bango. Kuma abin da na lura da shi, sau da yawa bayan irin wannan zama ne ake jin an saki wani abu. Kenan kuɗin ba ɓata suka yi ba.

Kowace 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, ana bikin tunawa da 'yan mazan jiya. A ajiye furanni, a harba bindiga, a saki fararen tantabaru. A 2021 tantabarun ma ƙin tashi suka yi, aka yi ta raha a gari. Ni dai ra'ayina, gwamnatocinmu sun fi iya girmama sojan da ya mutu a kan wanda ke raye, don mamaci ba ya neman kuɗin magani.

Ga abin da za ki yi wa Saje. Ki tattara takardar sallamarsa, lambarsa ta soja, katin fansho da duk wata takarda mai hatimi, ki yi kwafi uku, ɗaya ya zauna a wajen wani ɗan'uwa. Na yi akawu shekaru, na ga yadda haƙƙin mutum ke nutsewa saboda gara ta ci takarda ɗaya. Kada tantancewar 'yan fansho ta wuce shi ko sau ɗaya. Ku je reshen ƙungiyar 'yan mazan jiya ta Nigerian Legion na jiharku, wadda aka kafa tun 1964. Ba kuɗi gare su ba, amma sun san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa, kuma koken mutum hamsin ya fi na mutum ɗaya nauyi. Ku daina zuwa ofis da baki kawai: ku rubuta, a buga muku hatimin karɓa a kwafinku. Duk wanda ya ce ku ba shi na goro zai fito muku da kuɗin, ku yi masa sallama.

Ki duba kuma sunan wa ya rubuta a matsayin magaji. Da yawa sun rubuta sunan wa ko ƙane tun suna kurata, suka yi aure suka haihu ba su canza ba. Wanda aka rubuta karɓa kawai zai yi, rabo na shari'a ne, amma na ga gidajen da wannan ya raba.

Zaburar da yake yi da dare kuwa, ba aljanu ba ne, ba kuma tsufa ba. Ciwo ne da yaƙi ke bari a ƙwaƙwalwa, kuma ana maganinsa. Kaduna ba nisa daga Zariya: akwai asibitin sojoji na 44, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa. Ki lallaɓa shi, ki ce awon jini za a je in sunan wurin zai ɓata masa rai.

Batun Abba, ba zan ce ki hana shi ba. Da kowa zai hana ɗansa, da babu mai tsaron hanyar Birnin Gwari. Amma kada ya shiga don kaki ya burge shi a Facebook. In takardunsa sun yi kyau, ya nemi makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna, ya fito da digiri. In ta Defo ɗin Zariya zai bi, inda ake horar da kuratan soja, ya sa ido kan ɓangaren da zai bar shi da sana'a a hannu, kamar aikin asibiti, sadarwa ko injiniya. Kafin komai, ki aike shi ya raka kakansa ofishin nan sau biyu, shi zai riƙe fayil, shi zai bi layi. In sun dawo ki dafa musu shayi ki bar su su biyu a zaure. Ki rubuto mini abin da yaron ya ce.