Lasisin injiniyan gini a Amurka: abin da ake biya da inda kuɗin ke zurarewa

Wa'alaikumus salam, Injiniya. Ka ce kana da digiri a injiniyancin gine-gine daga gida, da rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, da shekara uku a bakin aiki, kana shirin tahowa Amurka digiri na biyu. Kana so ka san nawa za ka tanada domin lasisin injiniyan da ke lissafin ƙarfin gini, kuma ko sai da lasisin za a ɗauke ka aiki.

Ta biyun ta fi sauƙin amsa. Ba sai da lasisi ake ɗaukar mutum aiki ba, hasali ma sai ka yi aikin kafin a ba ka shi. Galibin matasan da ke ofisoshin zanen gini suna yin lissafi ne a ƙarƙashin wani mai lasisi, shi ke dubawa ya buga hatiminsa. Abin da doka ta hana shi ne ka buga hatimi a zane, ko ka kira kanka PE, wato injiniya mai lasisi, ko ka tallata wa jama'a aikin injiniya da sunanka alhali ba ka da lasisi. Lasisin kuma ba biza ba ne, ba ya ba ka izinin zama ko na aiki.

Babu lasisi ɗaya na ƙasa baki ɗaya. Kowace jiha tana da hukumarta da dokarta da farashinta. Abin da ya haɗa su shi ne jarrabawa, wadda NCEES, ƙungiyar hukumomin lasisi na jihohi, ke shiryawa, ana zamanta a kan kwamfuta a cibiyoyin Pearson VUE. Farashin da aka kafa tun 2024 ga shi: jarrabawar farko, FE, dala 225, tambaya 110. Ta biyu, PE, dala 400, tambaya 80 cikin awa takwas, kuma kai za ka zaɓi ta ɓangaren ƙarfin gini. Ta uku ita ce wadda kowa ke kira SE, ta ƙwararru a lissafin ƙarfin gini: kashi huɗu ce, kowane kashi dala 350, jimla dala 1,400 ga wanda ya haye duka a zama ɗaya. Farashi yana motsi, don haka ka duba shafinsu ranar da za ka biya.

Kafin duk wannan akwai shingen da ɗan ƙasa ba ya haɗuwa da shi, wato tantance digirinka. Hukumomin jihohi digirin da ABET, hukumar tantance karatun injiniya ta Amurka, ta amince da shi suka sani. Najeriya ta samu shiga Yarjejeniyar Washinton, wadda ƙasashe ke amincewa da digirin injiniyan juna a ƙarƙashinta, ta hannun COREN a 2023, amma a matsayin wucin gadi, kuma wannan matsayi bai sa a karɓi digiri kai tsaye. Saboda haka NCEES za ta auna karatunka kwas bayan kwas, a kan dala 350 zuwa 400. Ma'auninsu, wanda awa a cikinsa ke nufin yunit ɗin kwas, yana neman awa 32 na darasi a lissafi mai zurfi da kimiyya, da awa 48 a injiniyanci da zane, da wasu awanni a darussan gama-gari irin su tarihi da tattalin arziki. A nan mutanenmu suka fi samun giɓi, domin a gida ana loda mana injiniyanci, darussan gama-gari kuwa kaɗan ne. Idan rahoto ya fito da giɓi, wata jihar za ta ce ka je ka cike shi da kwas, wata ta ƙara maka shekarun aiki, wata kuma ta yafe idan kana da digiri na biyu daga sashen da digirinsa na farko ke da amincewar ABET. Wannan kaɗai ya isa ya sa ka binciki sashen da za ka shiga kafin ka karɓi gurbin karatu.

Kada ka hau jirgi ba ka gama da takardun jami'arka ba. Takardar sakamakon karatu dole jami'a ce za ta aika da kanta, ba a karɓar wadda ta biyo ta hannunka, kuma ana neman bayanin abin da aka koyar a kowane kwas a shekarun da ka yi karatun. Bin wannan daga nesa yana cin watanni. Ka kuma daidaita sunanka. Idan fasfo ya ce Muhammad, digiri ya ce Mohammed, rajistar jarrabawa ta zo da wani rubutun daban, ana iya mayar da kai daga ƙofar cibiya, kuɗin kuma ya tafi.

FE ka zauna ta a shekararka ta farko, tun lissafin makaranta bai gudu daga kanka ba. Idan ka ci, jiha za ta yi maka rajistar injiniya mai neman ƙwarewa, EIT, kuma kamfanoni suna duba wannan a takardar neman aiki. Wanda ya faɗi zai iya sakewa sau ɗaya a kowane zango na wata uku, amma bai wuce sau uku cikin wata goma sha biyu ba, kuma kowane zama sabon biya ne.

Lasisin PE yana buƙatar shekara huɗu na aiki a yawancin jihohi, digiri na biyu kuma yakan tsaya a madadin shekara ɗaya. Jihohi da dama yanzu suna barin mutum ya zauna jarrabawar kafin shekarun su cika, sai ya jira lasisin daga baya. Shekarunka uku na gida suna iya shiga lissafi, amma sai wanda ya shugabance ka ya tabbatar da su a rubuce, kuma wasu hukumomin suna takaita yawan aikin waje da suke karɓa. Yadda ka rubuta aikin ma yana da tasiri. "Na kula da wurin aiki" ba ya ɗaukar nauyi a wurinsu. Su so suke su ga ka lissafa nauyin da ke kan bim kaza, ka zaɓi kaurin rodi da tazararsa, ka duba ko harsashi zai nutse. Tun yanzu ka rubuta kowane aiki da kwanan wata da sunan shugabanka, ka riƙe lambarsa da imel ɗinsa. Kundin da NCEES ke ajiye wa injiniya yana neman shaidu biyar, uku daga cikinsu masu lasisin Amurka, don haka ka kyautata mu'amala da manyanka a ofis.

Sai batun SE, inda mutane ke kashe kuɗin da bai zama dole ba. A mafi yawan jihohi PE ya isa ka buga hatimi a zanen gini. A Ilinoi, wadda ta fara wannan lasisi tun 1915, da kuma Hawai, aikin ƙarfin gini na mai SE ne. Wasu jihohin irin su Kalifoniya da Washinton da Oregon da Yuta da Nebada sun ware manyan gine-gine ne kawai. A Kalifoniya, misali, asibitoci da makarantun gwamnati. Ita Kalifoniyar hanyarta ta fi tsawo: kafin PE akwai ƙarin jarrabawa biyu na jiha, ɗaya kan girgizar ƙasa, ɗaya kan safiyo, kowace da kuɗinta, sannan sai ka ƙara shekara uku da lasisin a hannu kana jagorantar aikin ƙarfin gini kafin a ba ka SE. Don haka wanda zai zauna Teksas yana zana rumbunan ajiya da ofisoshi ba ya cikin gaggawar SE, wanda kuwa ya nufi Shikago, da ke jihar Ilinoi, ba shi da mafita.

Kashi huɗun jarrabawar SE sun rabu gida biyu: nauyin da ke danna gini ƙasa, da ƙarfin da ke tura shi ta gefe, wato iska da girgizar ƙasa. Kowane gida yana da kashi na faɗi, mai taɓo kowane fanni, da kashi na zurfi, mai nutsawa cikin fanni ɗaya. Na faɗin ana zamansa duk shekara, na zurfin sau biyu kacal, Afrilu da Oktoba, kuma a nan za ka zaɓi gine-gine ko gadoji, ka tsaya kan zaɓin a duka biyun. Kashin zurfi yana kayar da mafi yawan masu zamansa, har da tsofaffin hannu. Faɗuwa ɗaya dala 350 ce da jiran wata shida. Mai hankali yakan tanadi kuɗin sake zama biyu tun daga farko.

Dalilin faɗuwar mutanenmu ba rashin iya lissafi ba ne. Mu da ƙa'idojin gini na Birtaniya, BS 8110 da BS 5950, aka raine mu, da mita da kilonyutan. A nan ACI 318 ne na kankare, AISC 360 na ƙarfe, ASCE 7 na nauyi, NDS na katako, TMS 402 na bulo, AASHTO na gada, kuma awon da ƙafa ne da inci da kif. Kif ɗaya fam dubu ne, kusan kilonyutan 4.45. Kankaren da suke kira mai ƙarfin fam 4,000 a kan kowane murabba'in inci bai wuce megafaskal 28 ba, kuma da silinda suke gwada shi, mu da kub muka saba, don haka lambar ba ta daidaita kai tsaye. Ga katako, wanda da shi ake gina yawancin gidajen zama a nan, ga nauyin dusar ƙanƙara a kan rufi, ga girgizar ƙasa, duk abubuwan da karatun gida bai zurfafa a kansu ba. Ba a shiga jarrabawar da littafi. Ƙa'idojin suna kan allon kwamfuta, wanda bai saba da inda kowane jadawali yake ba lokaci zai ƙare masa yana lalube. Idan jami'arka tana da kwas na katako da na girgizar ƙasa, ka ɗauke su ko da ba dole ba ne. Ka riga ka biya kuɗin makarantar, kuma kwasa-kwasan share fage na 'yan kasuwa sukan haura dala dubu.

Idan aka haɗa, tantance digiri da FE da PE sun kama wajen dala dubu. Da SE, kusan dala 2,400. A kan wannan sai ka ɗora kuɗin neman lasisi na jiha, daga 'yan gomomi zuwa 'yan ɗaruruwan dala, da ɗaukar zanen yatsu a jihohi irin su Teksas da Kalifoniya, da hatimi, da littattafan ƙa'ida masu tsada. Rahusar ɗalibi da ƙungiyoyin da ke buga su ke bayarwa tana rage zafi, ka saya kafin ka kammala. Kuɗin ba a rana ɗaya ake biyansu ba, sun warwatsu cikin shekara huɗu zuwa takwas.

Bayan lasisi ya zo hannu biya bai ƙare ba. Ana sabuntawa duk shekara ko duk shekara biyu, kuma yawancin jihohi suna neman shaidar ƙarin ilimi: Teksas awa 15 a shekara har da awa ɗaya kan ɗa'ar aiki, Ilinoi awa 30 cikin shekara biyu ga mai SE. Kowace sabuwar jiha da za ka yi wa zane sabon nema ne da sabon kuɗi da ranar sabuntawarta. Wanda ya bari lasisi ya mutu zai biya tara, idan kuma ya buga hatimi a wannan tsakanin ya shiga hannun hukuma. Mai son buɗe ofishin kansa kuwa yana da rajistar kamfani da inshorar kuskuren aiki, ita ce ta fi duk waɗannan nauyi.

Kamfanoni da yawa suna mayar wa ma'aikaci kuɗin jarrabawa da na sabunta lasisi, wasu har da kwas ɗin share fage, amma sau da yawa sai ka ci, wasu kuma da sharaɗin za ka zauna da su shekara ɗaya ko biyu, in ka tafi ka biya su. Ranar da ake ciniki kan albashi ka tambaya, a rubuta maka a takardar ɗaukar aiki. Ka kuma tambaya ko wanda zai shugabance ka yana da lasisi, domin shekarun da ka yi ƙarƙashin marar lasisi wasu jihohin ba sa ƙirga su.