Amsa: Ba kwangila ba ce, tsadar rayuwa ce ke fito da mutane

Malam, ka tambaya ko zanga-zangar adawa da jari-hujja da ke bazuwa ƙasa-ƙasa wasu ne ke biyan matasa su yi ta. Ni ban yarda ba. Ƴan siyasa kan shiga rigar daga baya, amma ba su ke kunna wutar ba.

Duba yadda take farawa. A Amurka, bayan rikicin kuɗi na 2008 gwamnati ta ceto bankuna, talakawa kuwa suka rasa gidajensu. Shi ya haifar da zanga-zangar Occupy Wall Street, wato zaman dirshan a unguwar hada-hadar kuɗi ta New York, a 2011. A Faransa harajin mai ya fito da ƴan zanga-zanga masu riguna ɗorawa a 2018. A Chile, a 2019, ƙarin peso 30 ne kawai a kuɗin jirgin ƙasa, amma tura ta riga ta kai bango. Waya da intanet kuma su ke kai hoton wani gari nan take, sai mai irin ciwon ya ga ashe ba shi kaɗai ba ne.

Mu ma nan Nijar mun yi tamu. A 2005 da aka ɗora harajin TVA, wato harajin kayan saye, na kashi 19 kan madara, fulawa, sukari, ruwa da wuta, jama'a sun rufe kasuwanni da shaguna, garuruwa sun mutu murus, har nan Maraɗi, sai da gwamnati ta janye shi daga madara da fulawa. Matar da ke tsaye a babbar kasuwa tana sake ƙirga kuɗin cefane don tiyar hatsi ta tashi, ba ta taɓa karanta komai kan jari-hujja ba, wallahi kuma ta fi mu sanin zafinsa. Abin da ke damuna shi ne ƙone shagon ɗan'uwa talaka da sunan fushi da masu kuɗi.