Hukuncin hana yaro ɗan ƙaramar sakandare yin abokai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ɗana yana aji biyu a ƙaramar sakandare, shekarunsa 13. Saboda shaye-shayen da ya yi yawa a unguwarmu, na hana shi yin aboki kwata-kwata, daga makaranta sai gida. Yanzu ya daina walwala, karatunsa ya ja baya, mahaifiyarsa kuma tana ganin na zalunce shi. Shin abin da na yi ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, tsoron da kake ji yana kan hanya, domin Annabi (SAW) ya ce kowannenku makiyayi ne kuma abin tambaya ne a kan abin da aka ba shi kiwo. Saboda haka raba yaro da abokin da ɓarnarsa ta tabbata wajibi ne a kanka. Amma hana shi abota baki ɗaya ba shi da dalili a shari'a, kuma idan ya kai ga cutar da shi kamar yadda ka bayyana, to bai halatta ka ci gaba a kai ba.

Dubi lafazin hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito daga Abu Huraira: mutum yana kan addinin amininsa, don haka ɗayanku ya duba wanda zai riƙa amini. Umarnin da ya zo shi ne a duba, wato a zaɓa. Haka kuma hadisin Abu Musa al-Ash'ari da Bukhari da Muslim suka fitar, wanda ya kamanta abokin zama nagari da mai ɗauke da almiski, mugun aboki kuma da mai zugar maƙera, ya nuna cewa akwai alherin da yaro ba zai same shi ba sai a wurin aboki. Wanda ya tsare ɗansa don gudun tartsatsin maƙera, ya hana shi ƙanshin almiskin ma.

Aikin Annabi (SAW) ya ƙara fito da wannan. Nana A'isha ta faɗa cewa tana da ƙawaye da suke wasa tare, idan ya shigo sai su ɓuya, shi kuma ya turo su wurinta. Anas ɗan Malik, wanda ya fara yi masa hidima yana ɗan shekara 10, ya ba da labarin ranar da aka aike shi ya tsaya wurin yara suna wasa a kasuwa, Annabi ya iske shi ya kama ƙeyarsa yana dariya.

Shekarun nan uku na ƙaramar sakandare su ne ƙofar balaga, lokacin da yaro kan ji nauyin faɗa wa iyayensa wasu abubuwa amma ya faɗa wa tsaransa. Abin da nake ji maka tsoro shi ne, idan ka rufe masa ƙofar fili zai nemi ta ɓoye, ta waya ko a bayan aji, inda idonka ba ya kaiwa.

Ka janye wannan hani. Ka ce ya kawo abokansa gida ka gan su, ka san iyayensu, ka tambayi malamin ajinsu halinsu, sannan ka lura da sallarsu da kalaman bakinsu. Wanda ka ga alamar shaye-shaye ko alfasha a tare da shi, ka raba su bayan ka zaunar da ɗanka ka yi masa bayanin dalili. Ka kuma saurari mahaifiyarsa, domin ta riga ka ganin halin da yake ciki.

Allah ne mafi sani.